Amshi Ba Karatu Ba Ne: 'Ya Mace a Ajin Firamare

Shekara da shekaru, maganar ilimin 'ya mace a ƙasar Hausa tana tsayawa ne a bakin ƙofar makaranta. Tun daga shirin UPE na 1976, zuwa UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, har dokar 2004 wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, kawuna aka fi ƙirgawa: yara mata nawa aka rubuta a rajista, nawa suka rage a gida. Sarakuna sun yi kira, limamai sun yi huɗuba, gidajen rediyo sun yi ta shela. Kiran kuwa ya yi amfani. Duk wanda ya fita da sassafe a Kano ko Katsina ko Gusau zai ga 'yan mata ƙanana ayari-ayari, da hijabai da jakunkuna, sun nufi makaranta. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne abin da ke faruwa da yarinyar bayan ta zauna a cikin aji.

Ga yadda darasi yake tafiya a ajujuwa da yawa. Malami ya rubuta jimla a allo, ya nuna ta da sanda, ya faɗa da ƙarfi, aji ya amsa baki ɗaya. Ya maimaita, su maimaita. Mai wucewa ta bayan taga zai ce karatu ya kankama. Amma a ware yarinya guda, a nuna mata kalma ɗaya daga tsakiyar jimlar, a ce ta karanta, sai ta sunkuyar da kai. Kunnenta ya haddace jimlar, idonta bai san baƙi ko ɗaya a cikinta ba. A haka za ta wuce aji biyu, ta wuce aji uku, tana kwafar rubutu daga allo tamkar mai zane, ba ta san me ta rubuta ba. Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kusan yara bakwai cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi.

Wannan ciwo yana kama maza da mata, amma ya fi yi wa mace illa, domin lokacinta gajere ne. Yaro namiji yakan sami uzuri: ya maimaita aji, ya lallaɓa zuwa sakandare, wataƙila can ya farga. Ita kuwa yarinya, musamman a karkara, ana yi mata lissafi tun daga ranar farko. Uwar da ta sauke wa 'yarta farantin talla ta tura ta makaranta ta yi asarar cinikin da take tarawa don cefane da kayan ɗaki. Idan shekara huɗu ta wuce yarinyar ba ta iya karanta saƙon da ya shigo waya ba, ba ta iya duba takardar asibiti ba, da wane baki za a ce wa uwar ta ci gaba da haƙuri? Sau da yawa mukan ce iyaye sun cire 'yarsu saboda jahilci, alhali sun auna ne suka ga babu riba. Don haka abin da ke riƙe yarinya a makaranta shi ne karatun da ake gani a bakinta.

Karatu kuwa yana da tsani, kuma matakinsa na farko shi ne harshen da yarinya take ji. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A Jamhuriyar Nijar ma, tun shekarun 1970 aka fara gwajin makarantun da ke farawa da Hausa da sauran harsunan ƙasa kafin Faransanci. Dalilin a fili yake. Rubutun Hausa na boko ba ya da wahalar sha'ani: wasula biyar ne, kuma kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya. Yarinyar da ta san sautin “m” da “k” da “n” da wasalin “a” ta riga ta sami mabuɗin “mama” da “kaka” da “nama”. Daga sauti zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma, daga kalma zuwa labari. Iyayenmu da suka yi Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu ta wannan hanya suka bi har suka kai ga Magana Jari Ce. Amma idan aka fara wa 'yar shekara shida da Turanci, an ɗora mata kaya biyu a lokaci guda: koyon karatu, da koyon harshen da ba ta taɓa ji a gida ba. Wadda ta iya karatu da Hausa kuwa, in ta zo Turanci kalmomi kawai za ta nema, domin dabarar haɗa baƙi ta riga ta zauna.

An gwada wannan a aikace. Shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan Hausa na ƙananan ajujuwa, sun kuma horar da malamai a kan tsari mai hawa uku: malami ya yi yara na kallo, sannan a yi tare, sannan kowane yaro ya yi shi kaɗai. Hawa na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa a ajujuwanmu, kuma shi ne karatun.

Abin mamaki, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowane ɗalibi da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Mai babbaƙu yana gefe, mai farfaru yana gefe, kuma ba a ce wa yaro ya wanke allo sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai. Ba a ciyar da kowa gaba don shekara ta zagayo. Wata ƙungiya ta ƙasar Indiya mai suna Pratham ta shahara da irin wannan dabara a makarantun boko: a gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, a ware sa'a guda ko biyu kullum ana koya wa kowane rukuni daidai matakinsa. An gwada tsarin a Borno, an kuma gwada shi a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Ga yarinyar aji biyar da ba ta san baƙi ba, wannan rahama ce, domin tana samun damar komawa tushe ba tare da an mai da ita abin dariya ba.

Malami zai ce, to ya zan yi da yara ɗari a aji ɗaya? Yana da gaskiya. A takarda, ɗalibai 35 aka ƙayyade wa malamin firamare, amma a birane irin su Kano ba abin mamaki ba ne a ga ninkin haka sau biyu ko uku, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Gina ajujuwa da ɗaukar malamai nauyin gwamnati ne, kuma ba za a daina tuna mata ba. Duk da haka akwai abin da ke hannun malami. Idan ya dogara da masu ɗaga hannu, yara biyar ko shida ne za su riƙa amsa masa har ƙarshen zango, galibinsu maza na layin gaba. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta ɗaga murya gaban manya ba za ta yi takara da su ba. Sai ya riƙa kiran suna daga rajista, mace da namiji bi da bi, yara goma a rana, kowa ya karanta layi biyu. Cikin mako biyu ya ji muryar kowa. Ya riƙa juya wurin zama, 'yan baya su dawo gaba. Ya haɗa wadda ta iya da wadda ba ta iya ba su biya wa juna. Sannan ya ajiye bulala a kan kuskuren karatu. Yarinyar da aka zane don ta faɗi ba daidai ba ta koyi darasi guda, wato shiru ya fi aminci. Kunya ado ce ga 'ya mace, amma tsoron buɗe baki a aji ba kunya ba ce.

Haka abin yake a lissafi. Yarinyar da ke sayar da gyaɗa ko awara tana ba da canjin naira ɗari biyar ba ta yi kuskuren ko sisi ba, amma a rubuta mata 500 a ɗebe 350 a allo sai ta rikice. Lissafin yana kanta, alamominsa ne ba a haɗa mata da abin da ta sani ba. Malamin da ya buɗe ɗan kanti a aji, da murafan kwalba da tsinkaye ɗauri goma-goma da kuɗin takarda na wasa, ya sa wata ta saya wata ta sayar sannan a rubuta cinikin da lambobi, zai ga waɗanda ake kira daƙiƙai sun zama gwanaye. Carafke ma ƙirga ce, 'yar gala-gala kuwa gidaje ne da za a iya sa wa lambobi.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke faruwa a wajen aji. A makarantu da yawa rabon aiki tamkar a gida yake: mata su yi shara, su ɗebo ruwa, su wanke kwanon malami, maza su zama monita, su buga ƙararrawa, su ja baitin asambuli. In an fita tara, fili na masu ƙwallo ne, mata suna rakuɓe a gindin bishiya. Babu wanda ya rubuta wannan a manhaja, amma yara suna karanta shi sarai. Gyaransa ba ya cin ko kwabo. A raba shara tsakanin kowa, kuma kada a yi ta a lokacin darasi. A naɗa mace monita. A ware wa 'yan mata filinsu na gaɗa da guje-guje da tsalle, a ba su ƙwallo su ma. A sa su cikin muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo, a ba su ranar da za su karanta labari a gaban asambuli. Tatsuniyar da yarinya ta ji wurin kakarta, in aka ce ta ba da ita a aji sannan ta rubuta ta da hannunta, an haɗa mata gida da makaranta a darasi ɗaya. A ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da wasu jihohin Arewa daga 2012, an kafa ƙungiyoyin 'yan mata a makarantu, inda suke taimakon juna da karatu, suna kuma bibiyar ƙawarsu idan ta daina zuwa.

Mai shakkar ko 'yar Bahaushe za ta iya tsayawa gaban jama'a, ya je wurin musabaƙar Alƙur'ani ya ga yarinya ƙarama ta zauna gaban alƙalai tana karatu babu gargada. Ya kuma tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji, masu malfa, suna yawo ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Mace mai karatu da murya a bainar 'yan'uwanta gadonmu ne.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke cinye karatun yarinya ba a lura ba. Darasin karatu da lissafi yawanci da safe ake yi, ita kuwa sai ta gama wanke-wanke da shara da kai niƙa kafin ta fito, ta iso an yi nisa. Ranar kasuwa aji yakan rame. Wadda ta fito ba ta karya ba, kafin tara hankalinta ya koma cikinta. Shi ya sa shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya cika ajujuwa a inda abincin ya isa. A aji biyar da shida wasu sun fara al'ada, kuma makarantar da ba ta da banɗakin mata mai ƙofa da ruwa tana korarsu kwanaki a kowane wata ba tare da ta ce musu ku tafi ba. Malama mace ɗaya a makarantar ƙauye takan kwantar da hankalin iyaye, ta kuma zama wadda yarinya za ta iya faɗa wa abin da ba za ta faɗa wa namiji ba.

Iyaye, kada mu tsaya ga katin sakamako. “Ta zo ta biyar” ba ya nufin komai idan duk ajin ba su iya karatu ba. Malam, in 'yarka tana aji uku, samo rubutun Hausa da ba ta taɓa gani ba, ka ce ta karanta maka layi huɗu, sannan ka tambaye ta me labarin ya ce. Hajiya, ko ba ki yi boko ba, za ki iya zaunar da ita bayan magariba ta karanta miki, kunnenki zai gaya miki ko karatu take ko kame-kame. A rage mata aikin safe, a bar wa yayyenta maza wani abu su ma. In an ga ba ta iya ba, kada a dake ta, kada kuma a cire ta. A je a sami malaminta da hedimasta cikin mutunci a tambayi me za a yi.

Kowace firamare ta gwamnati ya kamata tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC, kuma akwai kujerun mata a cikinsa. Yawancin zaman kwamitin kan ƙare ne a kan rufin da iska ta yaye da katangar da ta faɗi. Waɗannan suna da muhimmanci, amma a ƙara tambaya guda a kowane zango: cikin 'yan matan aji uku, nawa ne za su iya karanta labari su kaɗai? A sa a gwada su a gaban wakilan iyaye, a rubuta adadin, zango mai zuwa a sake gwadawa. Makarantar da ta san za a yi mata wannan tambaya za ta sauya yadda take koyarwa, hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, da ta san iyaye suna riƙe da adadin ita ma za ta ji nauyin turo littattafai da malamai. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana.