Gargaɗi: Gatari Zai Cinye Dajin Kogo Da Na Rugu

Jama'ar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, daji na ƙarewa a gaban idonmu. Da hannunmu muke kashe shi.

Kowace shekara, da farashin masara, waken suya ko auduga ya tashi a kasuwar Sheme ko Dandume, sai a wasa gatari. Ƙaramin manomi ba shi da kuɗin taki, tsohuwar gona kuma ta gaji. Sai ya nufi daji ya yi sabon sara.

A sare marke da kirya, a toya gawayi. A kayar da ɗorawa da kaɗanya, a cinna wa kututture wuta. 'Yan damunai kaɗan gonar za ta yi albarka, sannan ƙasa ta mutu, a ƙara gaba.

Ɓarnar ta riga ta bayyana. Ruwan sama na kwashe ƙasa yana tsaga kwazazzabai. Mata masu daddawa da man kaɗe sun rasa itatuwan da suka gada. Gonaki sun haɗiye burtali da makiyaya, saniya ta rasa hanya sai ta cikin shuka. Daga nan gaba ta soma tsakanin manomi da makiyayi, kuma tana cikin abubuwan da suka rura wutar rashin tsaron da muke ciki. Wa ya manta Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara?

Abin da ke tafe ya fi muni. Tsoron 'yan bindiga ne ya hana gatari kaiwa wasu wurare. Ranar da aka sami lafiya, masu kuɗi za su shigo da tarakta, su cinye saura.

Ya zama wajibi gwamnati ta tsare dajin Kogo da gaske. Tun 2020 aka amince ya zama gandun daji na ƙasa, amma takarda ba ta tare gatari.

Ya zama wajibi hakimai, dagatai da jami'an gandun daji su daina yanka daji suna rabawa. Duk wanda ya sayar da burtali ya sayar da zaman lafiya.

Ya zama wajibi taki da iri mai kyau su isa hannun ƙaramin manomi kafin shuka, domin tsohuwar gona ta ciyar da shi.

Ya zama wajibi manomi ya bar gawo da ɗorawa a gonarsa, ya rene tohon da ya fito daga kututture, kamar yadda manoman Maraɗi suka yi har gonakinsu suka farfaɗo.

Ya zama wajibi limamai su faɗi wannan a kan mumbari.

Wanda ya ga ana sara ya yi shiru, da shi aka sare. Kuɗin amfanin gona kan ƙare kafin damina ta zagayo, amma kaɗanyar da aka kayar sai an shekara goma sha kafin wata ta yi 'ya'ya. Mu tashi tun da sauran abin tsarewa!