Abin da ke ƙarfafa gwiwar masu ƙananan ayyuka a intanet

A shekara ta 2005 ne kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe wani dandali mai suna Mechanical Turk, inda ake yayyanka babban aiki gunduwa-gunduwa, a rarraba wa dubban mutane ta intanet. Wani ya tantance abin da ke cikin hoto, wani ya rubuta maganar da aka naɗa, a biya shi kuɗi ƙalilan a kan kowane guntu.

An aro sunan ne daga wata na'urar wasan dara ta Turawa da aka ƙera a 1770, wadda aka ɗauka tana wasa da kanta, alhali mutum ne ɓoye a cikinta. Su ma waɗannan ma'aikata ba a ganinsu, kuma galibi ba a gaya musu inda aikinsu zai je.

Amma aikin na da tasiri. Kimanin mutum dubu 49 daga ƙasashe 167 ne suka tantance hotunan rumbun ImageNet, wanda aka ƙaddamar a 2009, ya kuma taimaka wajen koya wa kwamfuta gane abubuwa a cikin hoto.

Wani bincike da Dana Chandler da Adam Kapelner suka wallafa a 2013 ya nuna muhimmancin sanin manufar aiki. Sun ba ma'aikata kusan 2,500 aiki iri ɗaya, na sa alama a kan wasu hotuna. An gaya wa rukuni na farko cewa ƙwayoyin ciwon daji suke taimaka wa masu binciken lafiya su gano. Na biyu ba a yi musu bayanin manufar ba, na uku kuwa aka ce za a watsar da aikin nasu.

'Yan rukunin farko sun fi karɓar aikin, sun kuma yi da yawa ba tare da ingancinsa ya ragu ba. Waɗanda aka ce za a watsar da nasu kuwa, aikinsu ya yi rauni.

Sai dai kuma sanin amfanin aiki ba ya cika tukunya. Wani rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018, wanda ya ji ta bakin ma'aikata 3,500 a ƙasashe 75, ya gano cewa matsakaicin abin da suke samu bai kai dala 4 a sa'a ba, idan aka haɗa da lokacin da suke ɓatawa wajen neman aikin.

Haka nan mai aiki na iya ƙin karɓar abin da aka yi masa, ya hana kuɗi. Wannan ya sa a 2008 Lilly Irani da Six Silberman suka ƙirƙiro Turkopticon, inda ma'aikatan ke sanar da juna wanda ke biya da wanda ke cin guminsu. Ta wannan hanya mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka fara kallon kansu a matsayin abokan sana'a.