Na'urar tuƙa keke a ɗaki ta daina nauyi? Duba waɗannan kafin ka kira mai gyara

Duk wanda ya taɓa hawa keke daga Agege zuwa Ikeja da safe ya san dalilin da ya sa wasunmu suka koma tuƙi a ɗaki. Tsakanin danfo da tirela, rai ba a bakin komai yake ba. Shi ya sa na tara kuɗi na sayi tokumbon na'urar nan da ake ɗaura keke a kanta, ta haɗu da waya, idan hanyar cikin manhaja ta hau tudu feda ta yi nauyi, idan ta gangara ta saki. Sati biyu da saye ta fara ba ni ciwon kai, har na yi niyyar mayar wa mai shago. Ashe lafiyarta ƙalau, ni ne ban san kanta ba. Ga abin da na koya, bi da bi.

Fara da wuta

Yawancin na'urorin nan sai da wuta suke iya ƙara nauyi ko ragewa. Idan feda ta saki gaba ɗaya kana tsakiyar tuƙi, duba ko ƙaramar fitilar jikinta tana kunne. Sau da yawa bakin waya ne ya yi sako-sako, ko an ɗauke wuta an koma janareta, haɗin ya yanke. Sannan ka karanta rubutun jikin adafta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. In an rubuta 100 zuwa 240, babu matsala. In 120 kaɗai ka gani, kada ka kuskura ka soka ta a soket kai tsaye, ƙonewa za ta yi. Kada kuma ka ari cajar kwamfuta don kawai bakinta ya shiga. 

Haɗi biyu ne, ba ɗaya ba

Nan na fi shan wahala. Lambobi suna fitowa a waya, amma tudu da gangare duk ɗaya a ƙafata. A manhaja irin Zwift, akwai gurbin da ke karanta ƙarfinka, akwai kuma wani daban da ke ba manhajar ikon sarrafa nauyi. Na cika na farko, na bar na biyu. Ka tabbata na'urarka ta fito a duka biyun.

Wani abin kuma, tsofaffin samfura da yawa abu ɗaya kawai suke iya riƙewa ta Bluetooth. In manhajar kamfanin tana buɗe a bayan fage, ko wayar ƙaninka ta riga ta kama, taka ba za ta gan ta ba. Rufe komai, zare wuta na ɗan lokaci, ka sake haɗawa daga cikin manhajar tuƙin, ba daga saitin waya ba. In lambobi suna faɗuwa sifili suna dawowa, matso da waya kusa, ka nisanta akwatin intanet, don su biyun a zango ɗaya suke aiki, suna cin karo.

Idan lambobin wat ba su yi kama da gaskiya ba

Wat shi ne ma'aunin ƙarfin da kake zubawa a feda. Na tashi ina ganin mahauta a Oko-Oba suna mayar da sikeli kan sifili kafin su ɗora nama. Ita ma haka take so. Ka yi tuƙi kamar minti 10 ta ɗau zafi, ka shiga wurin daidaitawa a manhajar kamfanin, ka taka har ka kai gudun da ta nema, wajen kilomita 36 a awa a wasu samfuran, sai ka ɗaga ƙafa ta tsaya da kanta. Da tsawon lokacin da ta ɗauka take gyara lissafinta. Wasu sababbi da kansu suke yi.

In taka irin wadda tayar baya ke gogar ƙarfe ce, iskar taya ta zama daidai kullum, ka ɗaure abin matsewa yadda littafinta ya ce. Taya mai santsi tana ƙara kamar ɓera, wat kuma ya yi ta tsalle. Goge ƙura da maiƙo kafin ka hau.

Feda ta yi tauri kamar dutse

Wannan yana faruwa a tsarin ERG, inda ka ce mata ta riƙe ka a wat kaza, misali 200. Ƙarfi shi ne nauyi haɗe da saurin juyi. Da ka gaji ka rage juyi, sai ta ƙara nauyi don lissafi ya cika, kai kuma ka ƙara raguwa, har ƙafa ta kasa. Ba lalacewa ba ce. Tsaya cak na ɗan daƙiƙu ta saki, ko ka kashe ERG, ka dawo da juyi wajen 85 zuwa 90 a minti, sannan ka kunna.

Zafi da gumi

Ɗakin Legas ba iska, gumi kuwa gishiri ne, yana cin ƙarfe da kusoshi. Sa fanka, shimfiɗa tawul, kada ka toshe ramukan shan iskarta da bango.

Yaushe za a nemi mai gyara?

In ka ji ƙaurin ƙonewa, ko ƙarar ƙarfe na ƙwanƙwasa daga ciki, ko fitila ta ƙi kamawa da adaftar da ka tabbatar tana aiki, zare wuta ka tsaya nan. Mai sayen tokumbo kuma, shawarata ɗaya: je da kekenka da wayarka, ka hau a gaban mai shago, ka ga nauyi yana hawa yana sauka kafin ka biya. Babana bai taɓa biyan kuɗin sa ba tare da ya sa an tayar da shi ya ga tafiyarsa ba.