BABI NA UKU: KAKAR WASA TA 2015/2016 A GASAR FIRIMIYA TA INGILA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai mayar da hankali ne a kan kakar wasa guda ɗaya ta gasar Firimiya ta ƙasar Ingila, wato kakar 2015/2016, wadda ƙungiyar Leicester City ta lashe. Dalilin zaɓen wannan kaka shi ne, tana ba da damar a auna wani ra'ayi da ya daɗe a bakin masu sha'awar ƙwallon ƙafa, cewa ƙungiyar da ta fi kuɗi ita ce ke cin gasa. Don haka za a duba halin da ƙungiyar take ciki kafin kakar, da yadda wasannin suka gudana, da dalilan nasarar, sannan abin da ya biyo baya.

3.1 Halin da Ake Ciki Kafin Kakar

Tun da aka fara gasar Firimiya a shekarar 1992 har zuwa 2015, ƙungiyoyi biyar ne kawai suka taɓa ɗaukar kofin, wato Manchester United da Blackburn Rovers da Arsenal da Chelsea da kuma Manchester City. Ita kuwa Leicester, wadda aka kafa a 1884, ba ta taɓa zama zakara a babban rukuni ba. Iyakacin abin da ta taɓa yi shi ne zuwa ta biyu a kakar 1928/1929.

A kakar 2014/2015 ƙungiyar ta shafe watanni tana ƙarshen teburi. Sai da ta ci wasa 7 daga cikin 9 na ƙarshe kafin ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu, ta ƙare a matsayi na 14 da maki 41. Bayan an sallami mai horarwa Nigel Pearson, sai aka ɗauko Claudio Ranieri, ɗan ƙasar Italiya, a watan Yulin 2015. Shi kansa Ranieri ƙasar Girka ta sallame shi a 2014, bayan tsibiran Faroe sun doke ta a gida. Saboda haka ne kamfanonin caca na Ingila suka sa farashin 5,000 a kan 1 cewa Leicester za ta ɗauki kofin, wato a ganinsu abu ne da ba zai yiwu ba.

3.2 Yadda Kakar ta Gudana

Ƙungiyoyi 20 ne ke fafatawa a gasar, kowace tana buga wasa 38, gida da waje. Ana ba da maki 3 ga wadda ta yi nasara, maki 1 kuma idan an tashi kunnen doki. Ana iya raba tafiyar Leicester a wannan kaka gida biyu.

Kashi na farko shi ne na yawan cin ƙwallo. Ƙungiyar ta fara da doke Sunderland da ci 4 da 2, amma a wasanninta 9 na farko babu wanda ba a zura mata ƙwallo ba, har Arsenal ta bi ta gida ta lallasa ta da ci 5 da 2 a watan Satumba. Abin da ya riƙe ta shi ne ɗan wasan gaba Jamie Vardy, wanda ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere. Ya cika wannan adadi ne ranar 28 ga Nuwamba, 2015, a karawa da Manchester United, inda ya wuce bajintar wasa 10 ta Ruud van Nistelrooy.

Kashi na biyu shi ne na tsare gida. Bayan ta doke Manchester City da ci 3 da 1 a filinta ranar 6 ga Fabrairu, 2016, sannan ta sake shan kashi a hannun Arsenal, Leicester ba ta ƙara faɗuwa ba har ƙarshen kakar. Daga farkon Maris zuwa farkon Afrilu ta doke Watford da Newcastle da Crystal Palace da Southampton a jere, kowace da ci 1 da nema. Ranar 2 ga Mayu, 2016, Tottenham, wadda ita kaɗai ta rage da za ta iya kamo ta, ta tashi 2 da 2 da Chelsea, nan take kofin ya tabbata na Leicester saura wasa biyu a kammala.

Daga ƙarshe Leicester ta sami maki 81, bayan ta ci wasa 23, ta yi kunnen doki 12, ta faɗi 3 kacal. Ta ci ƙwallo 68, an ci ta 36. Arsenal ta zo ta biyu da maki 71, Tottenham ta uku da maki 70. Newcastle da Norwich da Aston Villa kuwa su ne suka faɗa rukuni na biyu.

3.3 Dalilan Nasarar

Dalili na farko shi ne iya zaɓen 'yan wasa da araha. An sayi Vardy daga Fleetwood Town a 2012 a kan fam miliyan 1, an sayi Riyad Mahrez, ɗan Aljeriya, daga Le Havre ta Faransa a 2014 a kan abin da bai kai rabin miliyan ba, sannan aka sayi N'Golo Kanté daga Caen a 2015 a kan kimanin fam miliyan 5.6. A wannan shekarar dai Manchester City ta biya fiye da fam miliyan 50 a kan Kevin De Bruyne shi kaɗai. Vardy ya ci ƙwallo 24, Mahrez ya ci 17, har 'yan wasa 'yan'uwansa suka zaɓe shi gwarzon shekara.

Dalili na biyu shi ne tsarin wasa. Ranieri ya tsaya a kan 'yan baya huɗu da 'yan tsakiya huɗu da 'yan gaba biyu. Ƙungiyar takan bar wa abokiyar karawarta ƙwallo, ta ja baya ta toshe hanya. Da zarar Kanté ko Danny Drinkwater ya ƙwace, sai a cilla wa Vardy doguwar ƙwallo ya bi da gudu. Bayan kashin da ta sha a hannun Arsenal a Satumba, an sa Danny Simpson da Christian Fuchs a gefuna biyu na baya, wanda hakan ya rage ɓarakar da ake samu.

Dalili na uku shi ne hutu. Leicester ba ta cikin gasar Turai, kuma an fitar da ita da wuri daga kofunan cikin gida biyu, don haka wasa 43 kawai ta buga a duk kakar, alhali Manchester City ta buga 59. Wannan ya ba mai horarwa damar sa kusan mutum goma sha ɗaya ɗin nan kowane mako. Kyaftin Wes Morgan da mai tsaron gida Kasper Schmeichel sun buga dukkan wasanni 38.

Dalili na huɗu kuwa raunin manyan ƙungiyoyi ne. Chelsea, wadda ke riƙe da kofin, ta sallami José Mourinho a watan Disamba, ta ƙare ta 10 da maki 50. Ƙungiyoyin Manchester biyu kuma kowace maki 66 ta samu.

3.4 Abin da Ya Biyo Baya

Nasarar ba ta ɗore ba. A Yulin 2016 Chelsea ta sayi Kanté, kuma da shi ta ɗauki kofin kaka ta gaba da maki 93. Leicester ta ƙaro 'yan wasa, cikinsu har da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, wanda ta saya daga CSKA Moscow. Duk da ta kai matakin kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Turai, an sallami Ranieri a Fabrairun 2017, ƙungiyar ta ƙare ta 12. A 2023 ma sai da ta faɗa rukuni na biyu.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa nasarar Leicester ba sa'a ce kawai ba, domin ƙungiyar da ta faɗi wasa 3 cikin 38, ta kuma ba ta biyu ratar maki 10, ba a ce da ita ta tsinci dami a kala. Sai dai kuma kakar ba ta rushe tasirin kuɗi ba. Abin da ta nuna shi ne, ƙaramar ƙungiya tana iya yin zarra idan kyakkyawan zaɓe da tsari da hutu suka haɗu da shekarar da manya suka yi rauni. Riƙe wannan matsayi kuwa shi ne ke buƙatar kuɗi, tun da masu hali suna iya saye ɗan wasan da aka gina nasarar a kansa, kamar yadda ya faru da Kanté.