Sinadaran ƙanshi a tabar wiwi

Sinadaran ƙanshi a tabar wiwi su ne mayukan da ke tashi cikin iska daga furen tsiron da ganyensa, waɗanda hanci ke gane shi da su. Mafi yawansu daga dangin tarpen suke, kuma an gano fiye da iri 100 a jikin tsiron. Yana ƙera su ne a cikin ƙananan gasu masu danƙo da ke lulluɓe furen macen, domin korar ƙwari. A nan ne kuma ake samun THC, sinadarin da ke bugarwa, sai dai shi THC kusan ba shi da wari ko kaɗan.

Manyan ire-irensu

Waɗannan sinadarai ba na wiwi kaɗai ba ne. Wanda ya tsaya gaban mai kayan yaji a Unguwar Shanu ko Kasuwar Kawo a Kaduna yana shaƙar da yawa daga cikinsu. Kariyofilen, mai ɗan yaji a hanci, yana cikin kanumfari da masoro. Limonen shi ne ƙanshin ɓawon lemu, linalul kuma yana cikin ɗoɗɗoya. Mirsen, wanda ya fi yawa a ire-iren wiwi da dama, ana samun sa a mangwaro. A cikinsu kariyofilen ne ya fi jan hankalin masana, tun da Jürg Gertsch da abokan aikinsa suka nuna a 2008 cewa yana kama wata mahaɗa a ƙwayoyin jiki mai suna CB2, ba tare da ya bugar ba.

Ɗoyin sulfur

Tarpen ba su bayyana ɗoyin nan mai kama da na bodari ba, wanda ke manne wa tufafi. A 2021 Iain Oswald da wasu masu bincike a Kalifoniya ta Amurka suka wallafa cewa wasu sinadarai masu ɗauke da sulfur ne ke jawo shi, makusantan waɗanda ke cikin tafarnuwa. Kaɗan ne ƙwarai a tsiron, amma hanci yana saurin kama su.

A Najeriya

Dokar 1966 ta haramta noma wiwi da sayar da ita, kuma hukumar NDLEA, da aka kafa a 1989, ita ke farautar masu fataucinta. Rahoton 2018 na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 10.6 sun sha ta cikin shekara guda. Sunayen da ake kiran wasu ire-irenta a titi, kamar sikonk da laud, daga ƙarfin warinsu suka samo asali, kuma matasa da yawa suna ɗaukar wari a matsayin ma'aunin ƙarfi. Wannan kuskure ne, domin sinadaran wari dabam, mai bugarwa dabam. Wari yana gushewa da zafi da daɗewar ajiya tun kafin THC ya ragu sosai, kuma hanci ba ya iya tantance ganyen da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a masana'anta, irin wanda ake kira kolos.