Yadda ake duba zomo bayan faɗa, da dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya wadatarwa

Matasa da dama da ke kiwon zomaye a gida sun san yadda faɗa ke ɓarkewa a keji: a ga gashi na tashi, bayan ɗan lokaci kuma kowanne ya koma gefe kamar ba abin da ya faru. Wannan shirun ne ke yaudarar mai kiwo. Zomo dabba ce da ake farauta a dawa, don haka ɗabi'arsa ce ya ɓoye ciwo. Fatarsa ba ta da kauri, tana saurin yagewa, kuma gashi na rufe raunin.

Matakin farko shi ne raba su da katako ko bargo mai kauri, domin zomon da ya fusata kan ciji hannun mai shi. Sai a ware wa kowanne keji nasa. Ba a ɗaga zomo ta kunne. Ana tallafe ƙirjinsa da ɗuwawunsa, saboda idan ya yi harbi da ƙafa yana rataye, ƙashin bayansa na iya karyewa.

Daga nan sai a kai shi wuri mai haske, a riƙa buɗa gashin da yatsu tun daga hanci har wutsiya. Wuraren da cizo ya fi samu su ne kunnuwa, fuska, wuya, gadon baya da al'aura, musamman marainan maza. Ƙaramin ƙarzanewa ana wanke shi da ruwan gishiri: ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Amma rauni mai zurfi, jinin da ya ƙi tsayawa, ciwon ido ko ɗingishi, aikin likitan dabbobi ne.

Haɗarin da ya fi girma kan bayyana ne bayan kwanaki. Hudar haƙori kan rufe daga sama ta bar ƙwayoyin cuta a ciki, su zama ƙurji. Mugunyar zomo na da kauri, ba ta tsiyayewa da kanta, shi ya sa sau da yawa sai an yi tiyata. Saboda haka a ci gaba da shafa jikinsa kullum har mako biyu ana neman kumburi. A lokacin zafi da damina ƙudaje kan yi ƙwai a kan rauni, tsutsa ta fito cikin kwana ɗaya.

A kuma sa ido kan cimarsa. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, hanjinsa na iya tsayawa, wanda hakan kan kai ga mutuwa. Kuskuren da ya fi tsada shi ne sayo amoxicillin ko penicillin a kemis a ɗura masa. Waɗannan magunguna ta baki na kashe ƙwayoyin da ke taimaka wa hanjinsa, su jawo zawo mai kisa.

Yawancin faɗan na farawa ne idan maza sun balaga, tsakanin wata 3 zuwa 6. Raba su kafin lokacin ya fi jinya sauƙi. Wajen barbara kuma, macen ake kai wa kejin namiji, domin ita ba ta yarda baƙo ya shigo nata.