Alaíde Costa: Muryar da Aka Bari a Bakin Ƙofa

Duk wanda ya taɓa zaman jira a babban otal ko filin jirgin sama, da wuya a ce kunnensa bai ci karo da kiɗan bossa nova ba, ko da bai san sunansa ba. Kiɗa ne mai sanyi da ya tsiro a birnin Riyo de Janero na ƙasar Burazil a ƙarshen shekarun 1950. Matasan wancan zamani sun ɗauki rugugin gangunan samba suka rage masa zafi, suka mayar da shi kan tsirkiyar jita guda, mawaƙi kuma ya riƙa rerawa kamar mai yi wa masoyi raɗa. Na daɗe ina sauraron wannan kiɗa, kuma da an tambaye ni manyansa, sunaye huɗu nake kawowa: João Gilberto da Tom Jobim da Vinicius de Moraes da Astrud Gilberto. Sai daga baya na gane lissafina gurgu ne.

Wani dare ina sauraron faifan Clube da Esquina, wanda Milton Nascimento da Lô Borges suka fitar a 1972, sai na ji wata mace ta shigo cikin waƙar Me Deixa em Paz. Muryar siririya ce, ba ta ɗaga ba, ba ta yi rawa ba, amma sai da na ajiye abin da ke hannuna. Ban iya harshen Fotugis ba, duk da haka na ji baƙin cikin da ke ciki kamar da Hausa aka faɗa mini. Da na bi sawu, sai na tarar sunanta Alaíde Costa, kuma ba baƙuwa ba ce a gidan bossa nova. Tana cikin waɗanda suka haƙa harsashinsa.

An haife ta a 1935 a Riyo, a gefen gari inda talakawa suke, nesa da gidajen masu hali na Kofakabana da Ifanema. Ta fara ne da gasar sababbin mawaƙa a gidajen rediyo. João Gilberto ya ji salon rerawarta, ya ga ya dace da abin da suke ƙoƙarin ƙirƙirowa, daga nan ta shiga zaman kiɗan da matasan ke yi a gidajensu. Babban faifanta na farko, Gosto de Você, ya fito a 1959, shekarar da João Gilberto ya fitar da nasa babban faifan na farko. A 1960 ta biyo da Alaíde Canta Suavemente, wato Alaíde na rerawa a hankali, sunan da ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki.

To me ya sa duniya ba ta san ta ba? A ranar 21 ga Nuwamba 1962 aka yi babban taron kiɗa a zauren Carnegie da ke birnin Niyu Yok na Amurka, taron da ya buɗe wa bossa nova ƙofar duniya. Ba a gayyaci Alaíde ba. Ita baƙar fata ce a cikin wata harka da aka yi wa kallon ta 'ya'yan fararen masu kuɗi. Ta sha bayyanawa a hirarraki cewa ta fuskanci wariya a lulluɓe, kuma masu kamfanonin faifai sun riƙa matsa mata ta koma rera samba mai zafi, domin a tunaninsu abin da ya dace da baƙar mace ke nan. Ta ƙi. Abin takaicin shi ne, samban da aka tace aka samo bossa nova gadon zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai dai ba don tausayi nake kira a saurare ta ba, domin tausayi ma wani nau'in raini ne ga gwani. A saurari Onde Está Você, waƙar Oscar Castro-Neves da Luvercy Fiorini, wadda ta girgiza jama'a da ita a gidan wasan Paramount na birnin Sawo Paulo a 1964. A lura da yadda take jinkirta kalma kaɗan bayan bugun jita, sannan ta sauke ta daidai inda ya kamata. A lura da yadda take riƙe numfashi har ƙarshen layi ba tare da ta yi wa sautin ado ba. Mawaƙa da yawa na wannan salo suna rage murya don ya zama yayi. Ita kuwa ragewar tata kamar ta mutumin da ke da maganar da ta fi ƙarfin ihu ce. Inda wasu suka mayar da bossa nova kiɗan shan iska a bakin teku, ita ta tuna mana cewa akwai raɗaɗi a ƙarƙashinsa.

Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci. A 2022, tana da shekara 86, ta fitar da faifan O Que Meus Calos Dizem Sobre Mim, wato abin da kantar jikina ke faɗa a kaina, tare da taimakon matasan mawaƙa irin su Emicida. A 2023 kuma ta tsaya a dandalin zauren Carnegie, shekara 61 bayan an tafi an bar ta. Na yi murna, amma murnar ba ta cika ba, domin yabon da ya zo bayan shekara sittin ba ya mayar wa mutum ƙuruciyarsa.

Darasin da na ɗauka ya shafe ni a matsayin mai sauraro. Shekara da shekaru na karɓi jerin sunayen da kasuwa ta miƙo mini, ban taɓa tambayar wa aka tsallake ba. Mai karatu, in ka samu sarari a daren nan, nemi faifanta na 1960 a wayarka, ka rage hayaniya, ka ba ta minti goma. Ina kyautata zaton kai ma lissafinka zai ƙaru da suna guda.